Darasi na 14: Lafiyar Ma'aikaci a Wurin Aikinsa

A ƙasarmu in an ce ma'aikaci, mutane da yawa sai su ɗauka ana nufin mai zuwa ofis da alƙalami a aljihu. Ba haka ba ne. Duk wanda ya ba da ƙarfinsa aka biya shi lada, ma'aikaci ne. Ɗan dako a kasuwar Shinkafi ran Alhamis ma'aikaci ne. Yaron da ke tsaye a bakin injin niƙa a Zurmi ma'aikaci ne. Haka ɗan ƙwadagon da a ke ɗauka ya yi feshi a gonar wake a bakin gulbin Gagare, haka matar da ke sussuka ko surfe a biya ta. Duk wanda kuma ya sa wani aiki ya biya shi, ubangida ne, ko da yaro guda ke gare shi. A ajinmu akwai iri biyun nan duka. Wani ma da rani yaron wani ne, da damina kuwa shi ke ɗaukar 'yan ƙwadago.

Abin da za mu koya yau shi ne, cutar da mutum ya ɗauko a wurin aiki ba ta tsayawa a wurin aiki. Tana bin sa har gida, a rigarsa, a hannunsa, a ƙirjinsa. Wani lokaci ma ba shi za ta fara kayarwa ba, ɗansa za ta kayar. Wannan ba tatsuniya ba ce. Ta faru a nan Jihar Zamfara, a ƙasar Anka da ta Bukkuyum, kudu maso yamma da mu. Bari mu ba ku labarin tun daga tushe.

ABIN DA YA FARU A 2010

Wajen 2009 zinariya ta yi tsada ƙwarai a kasuwar duniya. Mutanen Dareta, da Abare, da 'Yargalma, da Bagega manoma ne kamarmu, amma akwai dutsen zinariya a dajinsu. Sai suka shiga haƙo shi. Ba laifi ba ne mutum ya nemi abin da zai ci da iyalinsa. Inda abin ya ɓaci shi ne wurin sarrafa dutsen. Mahaƙa sukan cika buhuna su kawo cikin gari, har cikin gida. A fasa dutsen da guduma, a daka a turmi, a kai wa injin niƙa irin wanda mu ke niƙa dawa da shi, ya mai da shi gari. Sa'an nan a wanke, a shanya a tsakar gida. Watau gidan kwana ya zama wurin aiki.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, dutsen nan yana ɗauke da dalma mai yawa. Dalma kuwa guba ce, ga ta ba wari. Kun san kwallin dutse mai walƙiya da a ke sayarwa a kasuwa? Yawancinsa dutsen dalma ne, dangin wannan. Shi ya sa likitoci su ke hana a sa wa jarirai shi.

Ƙurar niƙa ta sauka ko'ina, a daɓen ɗaki, a tabarma, a ƙwarya, a kan hatsin da aka shanya. Babba ya shaƙa, ya yi ciwon kai da ciwon ciki, ya daure. Amma yaro mai rarrafe, ƙasa ce wurin wasansa, kome ya taɓa sai ya kai baki. Cikin yaro kuma ya fi na babba saurin tsotse dalma ya kai ta cikin jini. Daga jini sai ƙwaƙwalwa.

Yara suka fara amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga, sa'an nan mutuwa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da maganinsa, bai yi ba. A watan Maris 2010 likitocin ƙungiyar sa-kai ta MSF, waɗanda ke zagayen binciken sanƙarau, suka ga abin ya wuce misali. Aka ɗebi jinin yara aka aika Turai, aka gwada, aka tarar dalma ce. Bayan wannan ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zo, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu suna ƙidaya. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Ku lissafa da kanku: ɗaya ke nan cikin kowane huɗu. Jimlar yaran da suka rasu a yankin ta haura 400. Dubbai aka yi musu magani. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Sarakuna suka ba da umurni a fitar da aikin dutse bayan gari. Likitoci suka ce magani ba shi da amfani in yaro zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta ba shi ciwon. Saboda haka sai da aka bi gidaje aka kankare saman ƙasa, aka ɗura a buhuna, aka kai wani rami aka binne, aka zubo sabuwar ƙasa mai kyau. An yi wa ƙauyuka bakwai haka a 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka samu kuɗin yi mata. A 2015 kuma irin wannan ciwo ya ɓulla a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Daga baya masana suka gwada wata dabara tare da mahaƙa a nan Arewa. Suka sa ana fesa ruwa a kan dutse sa'ad da a ke niƙa shi, don ƙura ta kwanta. A 2019 suka buga abin da suka gani: dalmar da ke tashi cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100. Suka koya wa mahaƙa su wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci, su yi wanka a wurin aiki, su bar kayan aiki can, su sa waɗansu tufafi su koma gida.

To, ku duba abin da aka rasa tun farko. Fili a bayan gari, da randar ruwa, da sabulu, da riga ta biyu, da wanda zai faɗa musu. Ba abin da ya fi ƙarfin mai inji a cikinsu.

Wani zai ce, mu a Kaura ko Zurmi ai ba mu niƙa dutse. Amma samarinmu suna zuwa cin rani wuraren haƙa, suna dawowa da kayansu. Kada a shigo da buhun dutse cikin gida. Kada uwa ta wanke kayan ɗanta na haƙa tare da na yara. Injin da ya taɓa niƙa dutse, ko turmin da aka daka shi a ciki, ya gama aikin abinci ke nan. Masu gyaran batirin mota, waɗanda ke narkar da dalma a bakin titi, su ma wannan magana da su mu ke.

MAGANIN FESHI

Gubar da ta fi kusa da mu ita ce maganin feshi. Yanzu da wuya ka ga mai gonar wake, ko shinkafa, ko albasa, wanda ba ya feshi. Mai gona yakan ɗauki yaro ya goya masa tanki, ya biya shi a kan kowane tanki. Yaro yana son ya yi da yawa, sai sauri. Ga shi da singileti da silifa, tanki yana yoyo a bayansa. Bakin feshi ya toshe, sai ya cire ya hura da bakinsa. In ya gama ya ɓare goro da hannun nan ya ci. Da yamma ya shiga gida ya ɗauki ɗansa da rigar nan.

Maganin feshi yana shiga jiki ta fata, ba sai an sha ba. Saboda haka mai gona shi ya kamata ya tanadi riga mai dogon hannu, da wando, da takalmin roba, da safar hannu, da abin rufe hanci. Ya gyara tankin da ke yoyo kafin ya goya wa ɗan wani. A yi feshi da sassafe ko da la'asar, ban da tsakar rana. Mai feshi ya sa iska a bayansa, kada ta riƙa maido masa da magani a fuska. Bakin feshi in ya toshe, a tsokale shi da tsinken ciyawa. Kwalba in ta ƙare a huda ta a binne. Mun sha ganin kwalbar magani an wanke an zuba man gyaɗa ko ruwan alwala. Wanki ba ya fid da gubar duka.

A nan ne karatun da ku ke koya zai yi muku rana. A gindin takardar da ke jikin kwalba akwai zane mai launi. Ja, watau guba mai tsanani ƙwarai. Rawaya na bin sa, sa'an nan shuɗi. Kore shi ne mai sauƙi, amma shi ma guba ne. In kun ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, wannan yana kisa. Takardar tana faɗin awon da za a zuba a tanki. Wanda ya ƙara a kan awo don wai ya fi ƙarfi, kuɗinsa ya ɓata, lafiyar yaronsa kuma ya taɓa.

In mai feshi ya fara zub da yawu, da gumi, da amai, idonsa ya dushe, ko numfashi ya yi masa wuya, magani ya kama shi. A fitar da shi daga gona, a tuɓe masa rigar, a wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu. Kada a ɗura masa manja ko nono, kada a sa shi amai da gangan. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar, don likita ya karanta ya san irin maganin da zai ba shi.

Masu ajiye wake kuwa, akwai buhun nan mai ruɓi uku da a ke kira PICS. In aka ɗaure shi da kyau, ƙwari suna mutuwa don rashin iska, ba sai an barbaɗa kome ba. Yaran sito sun huta da shaƙar magani, mai ci ma ya huta.

DAKO DA ZAFIN RANA

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kaura Namoda a 1929, nan kuwa ta tsaya. Shekaru da yawa gyaɗa da auduga na wannan yanki a nan a ke lodinsu. Duk buhun da ya shiga tarago, a kan mutum ya shiga. Jirgi ya daina ɗaukar gyaɗa, amma dako bai ƙare ba, sai dai yanzu manyan motoci a ke yi wa lodi.

Babban buhun masara ko gero yakan kai kilo 100. A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji babba ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, na mata da na yara kuwa ya kasa haka sosai. Watau buhunmu ya kusa ninka wannan awo. Saurayi yana ɗauka ana yi masa kirari, shi ma yana jin daɗi. Ku je ku tambayi tsofaffin 'yan dako abin da bayansu da wuyansu ke gaya musu da dare, da yawan waɗanda ƙaba da gwaiwa suka zaunar.

Gyaran nan ba wuya. Mutum biyu su kama buhu guda. Dillali ya sayi baro. Inda ya yiwu a yi ɗuri a buhun kilo 50. Mai ɗagawa ya durƙusa da gwiwa, ya miƙe da ƙarfin cinya, kada ya sunkuya ya fizga da ƙugu. Katakon da a ke hawa mota da shi ya zama mai faɗi, mara tsaga.

Daga watan Maris zuwa Mayu rana ita kanta tana kisa. Ubangida ya ajiye randa a inuwa, kusa da wurin aiki, ba a ce sai an gama lodi ba. Aiki mai nauyi a yi shi da sanyin safiya, balle in azumi ya faɗo cikin bazara. Wanda ya yi gumi da yawa har ya ji jiri, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsabta lita guda, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Amma in jikin mutum ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya faɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a ruga da shi asibiti ana jiƙa shi a hanya.

Na injin niƙa gajere ne. A yi wa bel murfi. Kada a matsa kusa da shi da babbar riga ko mayafi. A kashe inji kafin a sa hannu ciki. Hayaƙinsa ya fita waje, ɗakin ya zama da taga. Ƙararsa kuma tana cin kunne a hankali, yaron inji ya nemi abin toshe kunne.

IN MA'AIKACI YA KWANTA

Akwai wani abu da mu ke so iyayen gida su ji da kyau. A shekarun nan rashin zaman lafiya ya kori mutane da yawa daga ƙauyukansu, sun shigo Shinkafi da Zurmi da Kaura suna neman ƙwadago. Irin waɗannan ba su iya cewa a'a. Ko nawa aka ba su sai su karɓa, ko wane tanki aka goya musu sai su goya. Mutumin da ya bar gonarsa da rumbunsa, ba ya barci da kyau, ba ya ƙoshi, shi ne hankalinsa ke rabuwa a bakin inji. A biya shi ladansa a ranar da aka yi alkawari. In aikin yini ne, a ba shi abinci. A gaishe shi, a tambayi iyalinsa.

In yaronka ya san ranar da ya ce ba shi da lafiya ranar za ka sallame shi, to, zai ɓoye. Zai zo da zazzaɓinsa ya faɗi a kan aikinka. Zai zo da tarinsa ya raba wa sauran. Tarin da ya wuce mako biyu, a je asibiti a gwada majina. In tarin fuka ne, gwamnati kyauta ta ke ba da maganinsa, wata shida a ke sha. Wanda ƙusa ko tsohon ƙarfe ya soke, a wanke wurin da sabulu, a kai shi a yi masa allurar sarƙe haƙora, kada a cusa toka ko ƙasa a ciki.

ABIN DA DOKA TA CE

Kada wani ya ɗauka duk wannan roƙo ne kawai. Da yawa daga ciki doka ce. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta shafi mai aikin ƙarfi, ko da baki aka yi yarjejeniya. Ta ce kafin wata uku ya cika, ubangida ya ba ma'aikaci takarda mai nuna irin aikinsa da ladansa. Wanda ya yi aikin awa shida ko fiye, a ba shi hutun da jimlarsa ta kai awa guda. Cikin kowane kwana bakwai yana da hutun kwana guda. In ya yi rashin lafiya likita ya ba shi takarda, za a biya shi har kwana 12 na aiki a shekara. Mace mai ciki tana da hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, in kuwa ta yi wata shida tana aikin, ba za a ba ta kasa da rabin ladanta ba. Mai goyo tana da rabin awa sau biyu a yini don ta ba da nono. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a sa shi aiki cikin ramin haƙa ko aikin inji.

A 2010 kuma aka yi dokar biyan diyya ga ma'aikata. Ubangida yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya kowane wata a wani asusu da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Daga aljihunsa zai biya, doka ta hana ya cire daga ladan ma'aikaci. In ma'aikaci ya ji rauni, ko ya kamu da ciwo ta dalilin aiki, ko ya rasu, daga asusun nan a ke biyansa ko a biya iyalinsa. Sai dai akwai lokaci. Ma'aikaci ko wani nasa ya sanar da ubangida cikin kwana 14. Ubangida ya kai rahoto cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa a shigar da ita kafin shekara ta cika.

Mun san yawancin masu injin niƙa da dillalan hatsi na garuruwanmu ba su taɓa jin sunan wannan asusu ba, ma'aikacin gwamnati kuma ba zai zo ya tsaya a bakin kowace gona ba. Don haka mu ke kawo maganar aji. 'Yan dako suna da shugaba, masu inji suna da ƙungiya, kasuwa tana da sarki. In suka zauna suka ce daga yau ba mai ɗaukar babban buhu shi kaɗai, kuma kowace rumfar lodi sai da randa, ba dillalin da zai ƙi, don ba shi da wanda zai ɗaukar masa kaya.

TAMBAYOYI

1. Ta yaya dalma ta isa jikin yaran da ba su taɓa zuwa ramin haƙa ba?
2. Don me aka kankare ƙasar gidaje kafin a ba yara magani?
3. Wane launi ne a jikin kwalbar feshi ke nuna guba mafi tsanani?
4. Abokinka ya faɗi a gona yana zub da yawu bayan feshi. Faɗi abin da za ka yi, da abin da ba za ka yi ba.

LISSAFI

Mai injin shinkafa yana da ma'aikata 5. Yana biyan kowannensu naira 80,000 a wata. Nawa ne jimlar albashin? Nawa zai zuba a asusun diyya kowane wata?

RUBUTU

Kowa ya rubuta gajeriyar takarda, layi huɗu, zuwa ga ubangidansa, yana sanar da shi ya ji rauni a wurin aiki. A sa kwanan wata, da wurin da abin ya faru, da inda aka ji ciwon, da sunan wanda ya gani. Wanda ke da tsohuwar kwalbar feshi a gida, kada ya kawo ta aji. Ya kwafo launinta da awon da aka rubuta a jikinta, ya wanke hannu, ya zo da takardar ran Litinin mu karanta tare.